Na Goge Allonki, Dokta

Daga Allah muke, kuma komai nisan hanya gare Shi za mu koma.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Dokta, mai ofishin ƙarshe a hawa na uku na sashen nazarin taurari, bayan jinyar wata bakwai. Ta bar mahaifiya, da miji, da 'ya ɗaya mai shekara goma sha biyu. Ina wanke mofar goge ƙasa a famfon ƙarƙashin bene sakatariya ta sauko ta same ni. Hannu kawai ta sa ta kashe famfon, sai na gane.

Ni ce mai sharar hawan nan, shekara tara ke nan. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri. Manya sun yi nasu jawaban a ɗakin taro, sun lissafa digirorinta da ƙasashen da ta je. Ina bakin ƙofa riƙe da tiren kofuna na saurara, kuma gaskiya suka faɗa. Amma akwai abin da ba su faɗa ba, akwai kuma laifin da na yi mata wanda ya hana ni sukuni. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan yi magana da ke kai tsaye, Dokta, kamar yadda muka saba, ko da yake na san ba amsawa za ki yi ba.

Kin tuna satina na farko? Na shiga ofishinki da sassafe na tarar da farin allo ya cinye bango guda, an cika shi da rubutu kamar kaji sun yi tono. Na ce a raina, kai, mai ɗakin nan ba ta samu mai kula da ita ba. Ina so in burge. Na ɗauko sifirit da tsumma na goge shi tas, har ina ganin fuskata a ciki. Ƙarfe takwas kika shigo da jaka a kafaɗa. Kika tsaya. Kika dubi allon, kika dube ni, sannan kika zauna a ƙasa, a kan simintin da bai gama bushewa ba. Aikin sati uku ne na share. Ni kuwa na riga na fara shirya abin da zan faɗa a gida idan an kore ni.

Can kika ɗago kai kika ce, "Da me kika goge?"

Na ce da sifirit.

Kika ce, "Wallahi tun da aka kafa allon nan bai taɓa yin fari haka ba."

Kika tashi kika ɗauki jan alƙalamin allo, kika zana layi, kika ce daga yau duk abin da jan layi ya kewaye ba a taɓa shi, sauran kuwa nawa ne, in yi yadda na ga dama. Da Farfesa, shugaban sashe, ya leƙo ya tambayi ina lissafin da kika ce za ki nuna masa, sai kika ce ke kika goge, bai yi miki ba. Na ji da kunnena. Tun ranar kike ce mini Yaya, don na girme ki da shekara shida, kuma ba ki taɓa kirana da wani suna ba, ko a gaban baƙi.

Mutane suna zaton mai nazarin taurari sama yake wuni yana kallo. Ke kam labule a sake kike aiki, ido a kan kwamfuta, takalmi a ƙarƙashin tebur, kofunan shayi uku huɗu a gefe, wani har ya yi gansakuka. Nakan ce miki, mai hangen bayan duniya, ga makullinki nan a gabanki kina nema. Ki ce ai abin kusa ba fanninki ba ne.

Wata rana, kina can kina salla a kusurwa, na ga wani jan datti a fuskar kwamfutarki. Hoto ne baƙi mai ɗigo-ɗigon haske, sai wannan jan abu siriri a lanƙwashe, kamar yankan farce. Na jiƙa tsumma na goga. Bai fita ba. Na ƙara ƙarfi. Kika sallame kika same ni ina ta fama, kika yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, bar shi haka. Dattin nan ya girmi duniya."

Da wani ne, da a nan maganar ta ƙare. Ke sai kika jawo mini kujera. Kika ɗiga jan biro a farar takarda, kika zubar da sauran shayin da ke cikin kofin gilashinki mai kaurin gindi, kika ɗora shi a kan ɗigon, kika ce in leƙa ta sama. Na leƙa. Ɗigon ya ƙara girma. Kika ɗan matsar da kofin, sai ya miƙe ya lanƙwashe, ya zama irin dattin da nake gogewa. Kika ƙara matsarwa, sai ya rabu biyu.

Kika ce ɗigon nan garken taurari ne, dubun dubbai, can nesa, daga cikin na farko-farkon da Allah ya halitta. Ya yi nisan da ba madubin hangen nesan da zai iya ganinsa da kyau. Amma a tsakaninmu da shi akwai wani babban taron garkuna, masu nauyin da idan haske ya zo wucewa ta kusa da su sai hanyarsa ta lanƙwashe. Su ne gindin kofin. Su ke ƙara wa na bayansu girma, su ja shi, wani lokaci su nuna shi a wuri uku ko huɗu. Aikinki, in ji ki, shi ne ki san yadda gindin kofin yake ciki da bai, don ki mayar da ɗigon kamanninsa na asali, a ga yadda taurari suke a lokacin da duniyar take jaririya.

Na ce, ashe haske ba miƙe yake tafiya ba?

Kika ce, "Shi ma idan ya haɗu da manya ratsewa yake yi, kamar kowa."

Na koma gida ranar na gwada wa maigidana da kofin ruwa. Ya ce in dai irin wannan ake biyan mutane su yi, shi ma a nema masa gurbi.

Shekara shida da suka wuce, wata safiya, na same ki a baranda ba takalmi, kina kai da kawowa. Kika kama hannuna da bokitin da komai kika ja ni ciki. A jikin jan abin nan an samu sabon ɗigo mai haske, kuma a wuri uku. Kika ce tauraro ɗaya ne ya fashe a cikin garken, sau ɗaya, tun kafin a yi ƙasar da muke takawa. Amma haskensa ya rabu hanya huɗu, kamar mutum huɗu da suka bar gida tare kowa ya bi tasa hanyar. Uku sun iso. Na huɗun hanyarsa ta fi jinkiri, yana tafe. Kika ce idan har kin san gindin kofin da gaske, za ki iya faɗin lokacin da zai iso da daidai inda zai ɓullo. Idan ya zo yadda kika ce, to duk abin da kika auna game da garken nan na farko ya tabbata. Idan bai zo ba, a sake lale.

Daga ranar allon ya koma na wannan baƙo na huɗu. Jan layi ya yi ta faɗi, wurin da nake gogewa ya yi ta raguwa, har ya zama saura kamar tafin hannu biyu a sama. Sauran masana na wasu ƙasashe sun yi nasu lissafin, suka ce sai an shekara goma. Ke kika ce a'a, shida da 'yan watanni. Wato su sun ce saura shekara huɗu daga yanzu, ke kin ce bana ne, a watan Nuwamba ko kusa da shi. Kin gaya mini a wani taro har wani ya yi miki murmushi irin na manya. Kika ce ba komai, Nuwamba za ta raba gardama.

Kin kuma bayyana mini abin da ke da wuya. Madubin da zai iya ganin wannan abu yana can sama yana yawo, kuma duk masanan duniya layi suke bi. Sau ɗaya a shekara ake rubuta takardar neman lokaci, a faɗi inda ake so ya duba, da yaushe, da dalili. Wanda bai nema ba, ba a duba masa. Hasken kuma ba zama zai yi ba. Wata biyu, uku, ya dushe, shi ke nan har abada. Ba hanya ta biyar.

Kafin in zo ga abin da ya faru, bari in faɗi wani abu don 'yarki ta karanta idan ta girma. Lokacin da maigidana ya kwanta a asibiti, shekara huɗu ke nan, likitoci suna ta yi mini magana a dunƙule, suna ba ni takardu da ban iya karantawa ba. Kika bar ofis kika zo. Kika zauna da ni a kan bencin baranda tun safe har la'asar. Kika karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, kika shiga kika yi magana da likitan, kika fito kika riƙe hannuna kika gaya mini gaskiya, cewa kwanaki ne suka rage, in kira 'ya'yansa. Kowa yana ce mini zai tashi, ke kaɗai kika ƙi yi mini ƙarya. Saboda ke suka zo suka same shi da rai. Bayan rasuwar kuma na fito tsakar gida na gan ki a durƙushe kina wanke kwanuka, ke da kofin shayinki ma ba kya wankewa.

Da na dawo aiki, ina goge tebur, na dubi ɗigo ukun nan a hoton da kika manna a bango. Na ce, Dokta, tauraron nan ya mutu, amma an gan shi sau uku, kuma za a ƙara ganinsa. Mutum fa?

Kika dubi hoton. Sannan kika ce, "A'a, Yaya. Tauraron ma ba dawowa yake ba, saƙonsa ne ya makara. Mutum kuwa hanya ɗaya gare shi. Sai dai mu yi masa addu'a."

Na ji zafin maganar a lokacin. Yanzu ma ina ji. Amma ban taɓa kama ki da ƙarya ba, shi ya sa duk abin da kika ce game da Nuwamba na yarda da shi, ko da ban fahimci ko layi ɗaya na lissafin ba.

Haka kuma da aka canja kamfanin da ke ɗaukar masu shara, aka ce za a mayar da ni wani gini can bayan gari, kika sauka har ofishin ma'aikata kika ce ofishinki ba mai shiga sai Yaya, don ita kaɗai ta san dokar jan layi, kuma kafin ki koya wa wata sai an yi asarar aikin sati uku. Suka yi dariya suka bar ni. Ba ki taɓa gaya mini ba. Sakatariya ce ta faɗa mini, bayan shekara biyu.

A watan Agusta ciwon ya bayyana. Da farko kin ce gajiya ce. Sai zuwa aiki ya koma kwana uku a sati, ya koma biyu, ya koma ɗaya. Zoben hannunki ya fara zamewa har kika cire shi. Hawa benen nan da kike yi da gudu ya zama sai kin huta sau biyu, ni ina biye da jakarki ina yi kamar ina duba ƙura a jikin ƙarfen matakala, don kada ki ji kunya. Shayin ma kika daina sha. Na yi ta wanke kofin da ba a sha komai a ciki ba.

Zuwanki na ƙarshe wata Laraba ce a Janairu. Kin shigo idonki yana ƙyalli kamar na ranar da kika ja ni da bokiti. Kika ce a gadon asibiti kika gano wani gyara, wani ƙaramin garke a gefe da ba ki ba shi nauyin da ya kamata ba, kuma gyaran ya ƙara tsuke lokacin, ya ɗan matsar da wurin. Kika ɗauki alƙalami za ki rubuta a saman allo, inda ɗan fili ya rage. Hannun ya ƙi ɗaguwa. Kika gwada sau biyu. Sannan kika zauna kika miƙo mini.

"Yaya, hau kujera. Yau ke ce Dokta."

Na ce rufa mini asiri, ni da ko sunana sai na yi a hankali.

Kika ce, "Zana kawai za ki yi. Abin da na faɗa, shi za ki zana."

Haka muka yi. Kina zana mini kowace alama a takarda a kan cinyarki, ina kwafa a sama. Wata kamar ƙugiya, wata kamar kujera a kife, wata kamar tabarau. Idan na karkace ki ce, a'a, wutsiyar ta kalli taga. Layi huɗu suka ɗauke mu awa biyu. Da muka gama kika tashi, na tallafe gwiwar hannunki, kika ja jan layi ya kewaye allon gaba ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kika ce sati mai zuwa za ki shigar da gyaran a kwamfuta, ki ƙarasa takardar neman lokaci. Kika tsaya kina kallon rubutuna, kika ce a hankali, "Ni dai Allah ya kai ni Nuwamba. Ko kuskure na yi, ina so in sani."

Ba ki sake hawa benen ba.

Na je duba ki kwana tara kafin rasuwarki. Mama, mahaifiyarki, tana gefen gado tana ja miki carbi, maigidanki yana tsaye a bakin taga. Muryarki ta yi ƙasa har sai da na sunkuya. Ba ki tambaye ni gida ba, ba ki tambaye ni kowa ba. Kika ce, "Allo?" Na ce yana nan. Kika ce, "Kada a goge." Na ce ba mai goge shi ina raye. Na faɗa da bakina, Dokta, a gaban mahaifiyarki.

Sati ɗaya bayan jana'iza aka manna takarda a ƙofarki, cewa ranar ɗaya ga Afrilu za a ba sabon malami ofishin, a kwashe kaya a tsabtace. Na ajiye tsintsiya na tafi wurin Farfesa. Ban taɓa zama a ofishinsa ba sai ranar. Na gaya masa komai, da baƙo na huɗu, da Nuwamba, da takardar neman lokaci da za a rufe karɓa ranar Juma'a, sha ɗaya ga Afrilu. Ba zan zalunce shi ba, ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Inna, ni rana nake nazari. Wannan lissafin ba mai iya shi a ginin nan sai ita. Ko na sa hannu a takardar, tambaya ɗaya za su yi mini in kasa amsawa."

Ya yi abin da zai iya. Ya sa aka buɗe kwamfutarki da izinin maigidanki. Takardar tana ciki, rabi, da tsohon lissafi, babu gyaran Janairu. Ya zo da kansa ya ɗauki hoton allon da waya, amma tsohon rubutun koren tawada ne da ya koɗe, allon kuma yana ƙyalli, rabinsa bai fito ba ko da mun saki labule. Ya aika wa mutum biyu a ƙasashen waje da abin da ya samu. Ɗaya ya amsa da ta'aziyya mai kyau, ya ce ke masaniya ce ta gaske, kuma in sha Allah za su duba bayan shekara huɗu kamar yadda suka tsara. Ɗayan har yau shiru. Na roƙi a bar allon ko zuwa ƙarshen shekara. Ya ce sabon malamin da ɗalibansa suna zaune a baranda tun farkon zango, kuma allon a jikin bango yake, ba ya ciruwa. Ban ga laifinsa ba. Rayayyu ma suna da haƙƙi.

Sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kwana biyar ina shiga da zarar an buɗe gini, in gama sharata, in zauna a kujerarki in kwafa. Na fara daga kusurwar hagu ta sama, layi layi, alama alama, ina sa hanci kusa da allon don in ga koren da ya koɗe. Shafi goma sha bakwai. Akwai ƙananan ɗigo a tsakanin lambobi da ban sani ba ko ke kika sa su ko ƙuda ne ya bari. Duk na kwafe su, na yi wa waɗanda nake shakka alama da fensir. Na riga na koyi darasi a kan abin da nake zaton datti ne. Amma ban san ko na kwafa daidai ba, kuma wadda za ta ce mini wutsiyar ta kalli taga ba ta nan.

Ranar Litinin, talatin da ɗaya ga Maris, abokiyar aikina ta hawa na biyu ta ce in ba ta makulli ita ta yi, in je in zauna a ƙasa. Na ce a'a. Idan dole a karya alƙawarin, wadda ta ɗauka ita za ta karya.

Na fara da busasshen tsumma, ina fatan ya ƙi fita, in je in ce na gwada. Ya ƙi kuwa. Rubutun shekara shida ya kama allon kamar ya san abin da ake ciki. Da wata ce, da ta bar shi da inuwarsa, a riƙa ganin alamar rubutu ta ƙarƙashi. Amma ni na san abin da ke fitar da shi, kwalbar sifirit tana cikin bokitina, kuma na san idan na bari gobe wani zai zo ya yi da abin kankare tukunya. Na fara daga ƙasa. Na bi tsohon rubutunki, na bi sabon. Na hau kujera na goge layi huɗun da muka yi tare. Jan layin na bari a ƙarshe, na bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta inda hannunki ya bi.

Na iya aikina, Dokta. Ko alama ban bari ba. Ya yi fari kamar na satina na farko. Sai dai wannan karon ba wanda ya shigo da jaka a kafaɗa. Ni ce na zauna a ƙasa.

Yau Laraba, biyu ga Afrilu. Saura kwana tara a rufe karɓar takardu. Littafin yana cikin kabad ɗin tsintsiya da ke ƙarshen baranda a hawa na uku, a cikin leda don kada ya jiƙe, makullin yana wuyana. Idan akwai wanda ya karanta wannan rubutu kuma ya san irin wannan lissafi, ko ya san wanda ya sani, don Allah ya zo ya karɓa. Ina nan daga ƙarfe shida zuwa biyu, kowace rana ban da Lahadi. Ba na neman komai. Amma ba zan yaudari kaina ba. Masu irin wannan ilimin ba su da yawa a duniya, kuma ba na jin suna karanta abin da mai shara ta rubuta.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Haske ya taso tun babu ƙasa, babu ruwa, babu ɗan Adam. Ya yi ta tafiya, ya ratse wa manya, ya bi doguwar hanya, bai tsaya ba. Mutum ɗaya a duk duniya ta san ranar isowarsa, ta share wuri tana jira, sai ta rasu saura wata takwas. Zai iso a Nuwamba ya tarar ba kowa a bakin ƙofa, madubin yana kallon wani wuri. Zai yi wata biyu, uku, ya dushe. Bayan shekara huɗu su duba su ga wayam, su yi ta mamaki, wataƙila wani ya tuna ya ce, akwai fa wata da ta taɓa cewa. Ko gaskiya gare ki ko kuskure kika yi, ba wanda zai sani, ke da kika ce ko kuskure ne kina so ki sani.

Masu ba ni haƙuri suna cewa haskenki zai ci gaba da isowa kamar na taurarin da kike nazari. Na gode musu, amma na riga na tambaye ki, kin kuma ba ni amsa. Hanya ɗaya ce, kin bi ta. Abin da ya rage mana addu'a.

Mama, ke da kika haifa kika raina kika kuma binne, ba ni da kalmar da ta kai. Kin ji alƙawarin da na yi a gabanki, kin ga yadda ya ƙare. Ki yafe mini. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, ya sa ta zama mai jiranki a ƙofar Aljanna. Yallaɓai maigidanta, wata bakwai kana tsaye ba ka gaza ba, mun gani, Allah ma ya gani. Allah ya saka maka, ya ba ka ikon riƙe marainiyar da ta bari. Takalmanta da ke ƙarƙashin tebur na sa su a kwalin littattafai na biyu. Kofin gilashin kuwa na riƙe shi ban nemi izini ba, na faɗa yanzu. Ke kuma 'yata, duk ranar da kika so, ki zo da jan biro da farar takarda, zan nuna miki abin da mahaifiyarki take yi a ɗakin nan, iyakar abin da na sani, sannan ki tafi da kofin, naki ne. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwanta, da Farfesa, da ɗalibanta, da duk ma'aikatan ginin nan, daga hawa na uku har bakin ƙofa.

Dokta, ki yafe mini allon farko, ki yafe mini na ƙarshe. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya karɓi wahalar jinyarki a matsayin kankarar zunubi. Ya sa zaman da kika yi da ni a kan bencin asibiti ya zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Shi da ya san adadin taurari da hanyar da kowane haske yake bi, ya sanar da ke abin da kika so ki sani. Ya yalwata makwancinki. Ya kai haske kabarinki ta hanya mafi kusa, kada ya sa ki jira. Amin.

Yayarki,
mai sharar hawa na uku.